Tambaya Iri-iri Ce: Wata Ƙofa, Wata Tarko

Gabatarwa

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce tambaya rabin ilimi ce. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar garin da bai sani ba ya shaida gaskiyar wannan magana. Amma mazauna Jos, musamman na unguwanni irin su Dutse Uku da Nasarawa Gwom da Angwan Rukuba, sun san wani abu da karin maganar bai faɗa ba. Akwai ranakun da tambaya guda, mai kalmomi uku ko huɗu, ta raba mutum da ransa a bakin titi. Kalmomin da aka yi wannan tambaya da su kuwa su ne dai waɗanda ake tarbar baƙo da su a ƙofar gida kafin a kawo masa ruwa. Saboda haka ya dace iyali su tsaya su dubi wannan abu da ake kira tambaya, su ga yadda harshe yake gina ta, su san ire-irenta, su kuma sami ma'aunin da za a auna ta da shi kafin ta fita daga baki.

Yadda Hausa Take Gina Tambaya

Masana nahawu sukan kasa tambaya kashi uku bisa ga siffarta. Ta farko ita ce wadda amsarta "e" ce ko "a'a". Ana iya gina ta ba tare da an ƙara ko kalma ɗaya ba. "Yara sun dawo" labari ne, amma da zarar an ɗaga murya a ƙarshensa ya zama tambaya. Ana kuma iya sa "shin" a farko, ko a rufe da "ko", kamar a ce, "Yara sun dawo ko?" Ta biyu ita ce tambayar zaɓi: "Gwate za ka sha, ko tuwon acca za ka ci?" A nan mai tambaya ya riga ya kafa iyaka, wanda aka tambaya kuwa sai ya ɗauki ɗaya cikin abin da aka ajiye masa. Ta uku ita ce mai amfani da kalmomin tambaya, wato wa, me, ina, yaushe, yaya, nawa, wane da don me.

Akwai wani abin lura game da kashi na uku. Idan kalmar tambaya ta shigo, sauran jimlar takan sāke kama. Ana cewa "yara sun dawo", amma "yaushe yara suka dawo?" Ana cewa "suna wasa", amma "me suke yi?" Manazarta Hausa, irin su Paul Newman wanda ya wallafa babban littafinsa na nahawun Hausa a shekarar 2000, sun nuna cewa wannan sauyi shi ne dai ake samu idan ana jaddada wani abu, kamar a ce, "Jiya ne suka dawo." Wato hankali duka yana taruwa a kan kalmar tambayar, sauran maganar kuwa an ɗauke ta tamkar abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Wanda ya ce, "Wa ya fasa tulun nan?" ya gama yanke cewa wani ne ya fasa shi, suna kawai yake jira. Bai bar wuri ga yiwuwar cewa tulun ya tsage tun tuni, ko akuya ce ta ture shi ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin daga nan yawancin haɗarin tambaya yake fitowa.

Hausa tana da wasu ƙananan kalmomi masu nauyi. "Fa" takan ɗauki tambaya sukutum: "Baba fa?" "Anya" takan shigo da shakka tun kafin a ji amsa: "Anya zai biya kuwa?" "Ko ba haka ba?" kuwa goyon baya take nema. Haka nan idan an yi tambaya da korewa, kamar "Ba ka ci ba?", mai jin Hausa yakan ce, "E, ban ci ba," yana tabbatar da maganar mai tambaya, alhali mai Turanci a wannan wuri "a'a" zai ce. Irin wannan ɗan bambanci ya isa ya rikita zance tsakanin likita da majiyyaci idan tafinta bai kula ba.

Tambayar Neman Sani da Tambayar Gaisuwa

Siffar tambaya ba ta isa ta nuna aikinta ba. Wani masanin falsafa na Jami'ar Oxford a Ingila, J. L. Austin, wanda aka buga laccocinsa a 1962 bayan rasuwarsa, ya koyar da cewa magana kanta aiki ce: da baki ake yin alkawari, da baki ake ɗaura aure, da baki ake yanke hukunci. Haka tambaya take. Matar da ta leƙa gidan maƙwabciyarta ta ce, "Maman Ladi, ko kina da ɗan gishiri?" roƙo take yi. Maigidan da ya ce wa baƙo, "Ba za ka zauna ba?" gayyata yake yi. Saboda haka sai an dubi abin da mai tambaya yake aikatawa kafin a san irin tambayarsa.

Uwar tambayoyi ita ce ta neman sani. Mai yin ta ya yarda cewa akwai abin da ya rasa, kuma wanda ke gabansa yana da shi. Akwai tawali'u a cikinta, shi ya sa mai girman kai ya gwammace ya ɓata a hanya da ya tsaya ya tambayi yaro. Alamarta ita ce amsar tana iya sauya ra'ayin mai tambaya. Bisharar Luka, sura 2, ta nuna Yesu yana ɗan shekara 12 zaune a tsakiyar malamai a Haikali, kuma abubuwa biyu da aka ce yana yi su ne sauraro da tambaya. Su biyun nan ba su rabuwa. Tambayar da ba sauraro a bayanta ta tashi daga neman sani, ta koma wani abu dabam.

Sai tambayar gaisuwa. "Ina kwana?" "Ina gajiya?" "Yaya iyali?" "Yaya sanyi?" Amsoshinsu sanannu ne tun kafin a buɗe baki, har majiyyaci a kan gado yakan ce, "Da sauƙi." Wani masanin al'adu, Bronislaw Malinowski, ya yi bayani a 1923 cewa akwai maganar da ba labari take ɗauke da shi ba, aikinta shi ne ta ƙulla zumunci. Wanda ya ce "ina kwana" yana shaida wa ɗan'uwansa cewa ya gan shi, kuma babu gaba a tsakaninsu. A Jos, inda Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo suke haɗuwa a kasuwa ɗaya da harshen Hausa, wannan ƙaramar tambaya ta daɗe tana riƙe da gari. Duk inda zaman tare zai lalace, gaisuwa ce takan fara mutuwa.

Tambayar da Ba Ta Jiran Amsa

Akwai tambayar da siffarta kawai ta ara. "Ina ruwana?" "Wa ya aike ka?" "Kai wane irin yaro ne?" "Yaushe za ka yi hankali?" Babu mai jiran amsar waɗannan, yaron da ya kuskura ya amsa ma sai a ce ya yi rashin kunya. Hukunci ne aka naɗe cikin rigar tambaya. A Farawa sura 4, da aka tambayi Kayinu inda ƙanensa yake, da irin wannan ya mayar da martani, yana nufin tsaron Habila ba aikinsa ba ne. Ya yi amfani da tambaya don ya rufe zance.

Gaba da wannan akwai tambayar tarko. Hausawa suna da sunaye da yawa a kanta: bugun ciki, idan ana so a zaro sirri ba tare da mutum ya farga ba, ƙure, idan ana so a kunyata shi a gaban jama'a, titsiye, idan an toshe masa kowace mafita. Tambaya ta farko da ta bayyana a Littafi Mai Tsarki, a Farawa sura 3, ta maciji ce, kuma ya gina ta ne a kan ƙarin gishiri game da abin da aka hana, domin shakka ta sami wurin shiga. A Matiyu sura 22 an kawo wa Yesu tambayar zaɓi game da biyan haraji ga Kaisar, aka shirya ta yadda kowace amsa za ta zama laifi, ko a gaban Romawa ko a gaban jama'a. Ya ƙi zaɓin da aka ajiye masa, ya sa aka kawo tsabar kuɗin, ya mayar musu da tasa tambayar.

Binciken zamani ya tabbatar da cewa kalma guda a cikin tambaya tana iya sauya abin da mutum yake tunawa. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai nufin ragargazewa sun kimanta gudun kusan mil 41 a awa, waɗanda aka yi wa da kalma mai nufin taɓa juna kuwa suka ce kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Mutum 16 cikin 50 na rukunin da suka ji kalmar ragargazewa suka ce sun gani, a rukunin da suka ji kalmar bugun juna kuwa mutum 7 ne cikin 50. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin ko kaɗan. Idan haka ta faru ga ɗalibai masu kwanciyar hankali, to, a yi tunanin abin da tambaya take yi wa zuciyar da ke cike da tsoro a ranar tashin hankali.

Dutse Uku da Tambayar "Wa Ya Fara?"

Ranar Lahadi, 17 ga Janairu, 2010, rikici ya ɓarke a yankin Dutse Uku da Nasarawa Gwom a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Rahotanni da yawa sun danganta farkonsa da aikin sāke gina wani gida da aka lalata a rikicin Nuwamba 2008. Daga nan labari ya rabu. Wani ɓangare ya ce matasan unguwa ne suka hana maigidan da ma'aikatansa aiki. Wani ya ce masu aikin ne suka tare hanya suka far wa masu zuwa sujada. Cikin kwana biyu wuta ta kai Bukuru da Kuru Karama, aka sa dokar hana fita dare da rana, aka turo sojoji. 'Yan sanda sun ce mutum 326 suka mutu, wasu ƙungiyoyi kuma suka ba da adadin da ya fi haka. Ranar 7 ga Maris ta wannan shekara aka kai harin Dogo Nahawa, inda aka kashe ɗaruruwa, yawancinsu mata da yara.

Tun daga ranar, tambayar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce, "Wa ya fara?" Wannan tambaya tana da wurinta na halal. Alƙali dole ya yi ta, kuma waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa suna da haƙƙin a nemo musu amsarta. An kafa kwamitocin bincike a kanta bi da bi: na Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin Afrilu 1994, na Mai Shari'a Niki Tobi bayan na Satumba 2001, na Bola Ajibola bayan na 2008, da na Solomon Lar a 2010. Abin baƙin ciki, waɗanda aka hukunta kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da yawan rayukan da suka salwanta, kuma wannan rashin adalci yana cikin abubuwan da suka hana miki warkewa.

Amma idan tambayar ta bar gaban alƙali ta koma majalisar unguwa, sai ta sāke hali. Kamar tambayar tulun nan, ta riga ta ɗauka cewa akwai mafari guda da mai laifi guda, suna kawai ake jira, kuma mai tambayar ya san sunan da yake so ya ji. Idan aka ce masa 2010, sai ɗaya ɓangaren ya ce a koma 2008. Idan aka koma can, sai a ce a tuna 2001, daga nan 1994, daga nan ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, har a dangana da zamanin haƙar kuza. Kowa yana tsayar da lissafi a shekarar da aka cuce shi. Alƙali yana tambaya ne don ya ware mutum ɗaya mai laifi daga cikin dubu. Majalisar unguwa takan yi tambayar don ta shafa laifin mutum ɗaya a kan dubu.

Tambayar Shingen Hanya

Mafi muni a cikin ire-iren tambaya ita ce wadda ake yi a shingen hanya. Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin yadda mutanen Gileyad suka tsare mashigan Kogin Urdun, suna sa duk mai son hayewa ya furta kalmar "shibolet". Mutanen Ifraimu ba su iya furta sautin farkonta daidai ba, a kan haka aka karkashe su, har adadin ya kai 42,000. Dukansu kuwa zuriyar Yakubu ne. A rikice-rikicen Jos an ga irin wannan. Rahotannin masu kare haƙƙin ɗan Adam sun nuna yadda matasa na ɓangarorin biyu suka tsare hanyoyi suna tantance matafiya bisa ga addini. Da yake kowa yana jin Hausa, kuma sunaye irin su Musa da Yakubu da Ibrahim da Danladi ana samun su a coci da masallaci, sai tambayar ta koma kai tsaye: "Kai Kirista ne ko Musulmi?"

A nahawu wannan tambayar zaɓi ce, irin ta gwate da tuwon acca. A aikace kuwa ta tattara dukan muguntar sauran. An yanke hukunci kafin a yi ta. Ba ta tambayar abin da mutum ya aikata, sai abin da aka haife shi a ciki ko abin da ya gaskata. Babu amsar da za ta nuna cewa shi direba ne mai neman abincin 'ya'yansa, ko ɗaliba ce mai komawa makaranta. "Kai ɗan ina ne?" a bakin dattijon da ya karɓi baƙo hanyar neman dangantaka ce, domin zai ce ya taɓa zama a garinku. Kalmomin nan dai a bakin mai riƙe da gora ƙarshen zance ne.

Ya kamata masu bi su fi kowa ƙyamar wannan tambaya, domin a kansu aka daɗe ana yin ta. Wajen shekara ta 112 bayan haihuwar Almasihu, wani gwamnan Romawa a lardin Bitiniya mai suna Pliny ya rubuta wa sarki Trajan yadda yake yi da waɗanda aka kawo ƙararsu. Yakan tambaye su ko su Kirista ne, ya maimaita har sau uku tare da barazana, wanda ya nace kuwa a tafi da shi a kashe. Ikkilisiya tana girmama waɗanda suka amsa wannan tambaya da ransu. Saurayin da aka yi wa baftisma, sannan ya tsaya a kan titi yana yi wa wani ita, ya bar sahun shahidai ya koma kujerar gwamnan.

To, Tsaro Fa?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana tana da daɗin faɗa ga wanda bai binne kowa ba. A jajiberen Kirsimeti na 2010 bama-bamai sun tashi a Angwan Rukuba, maƙwabciyar Dutse Uku, da kuma Kabong. Ranar 26 ga Fabrairu, 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari cocin hedkwatar COCIN, ranar 11 ga Maris kuma aka kai wa cocin St. Finbarr a Rayfield. A Mayu 2014 tagwayen bama-bamai sun kashe fiye da mutum 100 a Terminus. Shin bayan duk wannan za a ce kada a tambayi baƙo?

Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma amsarsa ita ce a tambaya. Mai gadin ƙofar majami'a da ya ce, "Baba, don Allah a buɗe bayan motar," ko "Mama, me ke cikin jakar?" yana aikin ƙauna ne ga ɗaruruwan da ke ciki. Bambancinsa da mai shingen hanya a fili yake. Tambayarsa a kan abin da mutum yake ɗauke da shi ce, ana yi wa fasto da baƙo daidai wa daida, kuma akwai amsar da za ta wanke mutum ya wuce da mutuncinsa. Idan an sami abin zargi, hukuma ake kira. Duk tambayar tsaron da ta rasa waɗannan sharuɗɗa ta fara gangarawa zuwa mashigin Urdun.

Haka kuma ba kowace tambaya ce ta cancanci amsa ba. A Luka sura 23 Hirudus ya yi wa Yesu tambayoyi da yawa don neman abin kallo, bai sami ko kalma ɗaya ba. Ranar 23 ga Yuni, 2018, da maharan suka afka wa ƙauyukan Barkin Ladi, limamin Nghar Yelwa, Malam Abdullahi Abubakar, ya ɓoye mutum 262 a masallaci da gidansa, galibinsu Kirista. Da maharan suka nemi a fito musu da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har ya miƙa nasa ran a madadinsu. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Ƙofarsa ta buɗe wa masu gudu ba tare da ya tantance su ba, ta kuma rufe ga masu neman a tantance.

Tambayar da Ke Kiran Mutum Gida

Da wannan za a iya zaton cewa tambaya mai kyau ita ce kawai wadda mai yin ta bai san amsa ba. Amma akwai wani iri da ya karya wannan zato. A Farawa sura 3, bayan tambayar maciji, Allah ya kira Adamu yana tambayar inda yake, alhali babu abin da ya ɓoyu gare shi. An yi tambayar ne don mai ɓuya ya sami zarafin fitowa da ƙafarsa ya faɗi gaskiya da bakinsa. Malamin kirki ma haka yake yi wa ɗalibi. Socrates na birnin Atina, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu, da tambayoyi ya riƙa nuna wa manyan gari cewa ba su san abin da suke taƙamar sun sani ba.

A Luka sura 10 wani masanin Attaura ya nemi a faɗa masa ko wane ne maƙwabcinsa, kuma an bayyana cewa so yake ya baratar da kansa. Iyaka yake nema, a ce masa daga nan zuwa nan ne ƙauna ta wajaba. Yesu ya ba shi labarin Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata, sannan ya juya tambayar, ya nemi ya faɗi wanda ya yi halin maƙwabci a cikin mutum ukun da suka bi hanyar. Tambayar farko tana tantance wasu. Ta biyun tana bincika mai tambayar kansa.

A nan ma'aunin ya fito. Ba a auna tambaya da siffarta, ko da sanin mai yin ta ko rashin saninsa. Ana auna ta da abin da ta bar wa wanda aka tambaya. Idan ta bar masa wurin faɗin gaskiya ya kuma tsira da mutuncinsa, ƙofa ce. Idan kowace amsa an riga an shirya mata sanda, tarko ce, ko da an yi ta da murmushi.

A Cikin Gida

Ba a kan titi ake fara koyon tambayar shinge ba, a tsakar gida ake fara jin ƙanwarta. Uwar miji da ke duban cikin amarya bayan shekara biyu tana cewa, "Har yanzu shiru?" ta san amsa, kuma ta san inda za ta yi ciwo. Haka mai ce wa saurayin da ya gama hidimar ƙasa, "Har yanzu kana gida?" Maigidan da ke tarbar matarsa da "Daga ina kike?" cikin muryar ɗan sanda ya riga ya rubuta ƙara. Uban da ya ga 'ya'yansa suna kuka ya ce, "Wa ya fara?" zai sami mai laifi guda da mai murna guda. Da ya ce, "Me ya faru?" ya saurari kowanne, da ya sami labarin duka, yaran kuma su koyi cewa ana jin ta bakin mutum kafin a hukunta shi.

Sai kuma tambayoyin yara. A Joshuwa sura 4 an umarci Isra'ilawa su kafa duwatsu 12 da suka ɗebo daga Urdun, musamman domin 'ya'yansu su gani su yi tambaya. An ɗauki tambayar yaro a matsayin hanyar da tarihi yake bi ya isa ga na baya. Yaran da aka haifa a shekarar rikicin Dutse Uku yanzu sun tasa, ba su ga komai da idonsu ba. Za su ga kango, ko su lura cewa akwai layin da ba a bi, su ce, "Baba, wa ya ƙone gidan nan?" ko "Mama, me ya sa muka tashi daga tsohuwar unguwarmu?" Korar yaro da tsawa ba ta kashe tambayar, sai dai ta tura shi ya nemi amsa a wurin abokai da waya. Amsa da sunan addini ko ƙabila sukutum kuwa ƙarya ce, domin miliyoyin masu wannan suna ba su riƙe ashana ba. Amsar gaskiya ta fi tsawo: a faɗa masa cewa mutane ne suka ƙone shi, abin da suka yi mugunta ne, an yi wa gidajen wancan ɓangaren haka, kuma a kowane ɓangare an sami waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu. Iyayen da suka yi hasara ba a ce su ɓoye hawayensu ba. Abin da ake roƙonsu shi ne kada su miƙa wa yaro gora tare da labarin.

Kammalawa

Magana zarar bunu ce, tambaya ma haka. Kafin ta fita, yana da kyau mai ita ya fara juya ta ga kansa: me zai yi da amsar idan ya samu, kuma shin a shirye yake ya ji abin da bai zata ba? Wanda ya ga cewa amsa ɗaya kaɗai zai karɓa, gara ya faɗi maganarsa a fili a san ra'ayinsa, ya bar fakewa da alamar tambaya. Akwai kuma tambayoyin da suka yi ƙaranci a Jos, waɗanda ba sa bukatar kwamiti ko kuɗin gwamnati. Mutumin da ya haɗu da tsohon maƙwabcinsa a kasuwa, wanda rikici ya raba su unguwa, zai iya ce masa, "Malam, ina kuka koma? Yaya yaran? Me ya same ku a ranar nan?" sannan ya yi shiru ya saurara har ƙarshe. Mai yiwuwa abin da zai ji ya yi masa nauyi, mai yiwuwa kuma shi ma a tambaye shi nasa. Allah ya ba iyalai hikimar tambaya da haƙurin sauraro.